Tarihin Kifi Mai Ƙafafu Da Gurnani, Da Takwarorinsa Na Fadamunmu

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomin rake daga Maƙarfi, ya rubuto yana tambaya, wai shin da gaske ne akwai wani kifi a cikin teku mai ƙafafu, wanda yake tafiya a ƙasa kamar ƙwaro, har ma yana kuka? Haka kuma wani mai sayar da banda a Ikara, da wani ɗalibi daga Hunƙuyi ta ƙaramar hukumar Kudan, sun aiko da tambaya mai kama da wannan. Suna so a ba su tarihin wannan kifi, a kuma gaya musu ko akwai irinsa a ruwayenmu.

AMSA: To, Malamai, mun gode da waɗannan takardu naku. Amsar a taƙaice ita ce, ƙwarai da gaske akwai shi, ba tatsuniya ba ce. Da yake kifin teku ne, Bahaushe bai raɗa masa suna ba. Turawan Ingila suna ce da shi gurnad, kuma asalin kalmar daga tsohon Faransanci take, ma'anarta mai gurnani. Ka ji ikon Allah, sai ka ce Bahaushe ne ya yi masa suna. Dangin gurnad suna da yawa, sun haura iri ɗari, amma wanda za mu yi magana a kansa shi ne mafi girma a tekunan Turai, wanda masana suke kira Chelidonichthys lucerna. Mu dai a nan za mu riƙa ce masa mai gurnani.

Mazauninsa shi ne gabashin Tekun Atlantika, tun daga ƙasar Norwe can arewa mai tsananin sanyi, har zuwa gaɓar Muritaniya a Afirka ta Yamma. Akwai shi kuma a Bahar Rum da Bahar Aswad. Yana da wani ɗan'uwa a tekun da ke kudancin ƙasarmu, wanda aka raɗa wa sunan ƙasar Gabon. Ba kifin saman ruwa ba ne. A ƙasa yake zama, kan yashi ko laka ko tsakuwa, daga zurfin mita 20 har zuwa wajen mita 300, watau kusan ƙafa 1,000. Yawancin waɗanda ake kamawa ba su wuce ƙafa ɗaya ba, amma babba yakan kai santimita 75, ƙafa biyu da rabi ke nan, nauyinsa kuma ya kai kilo 6, wajen tiya biyu ta masara. Idan ya tsira daga masunta yakan yi shekara 15 a duniya.

Da za a ajiye maka shi a faifai, mai karatu, abin da za ka fara lura da shi shi ne kansa. Ƙaton kai ne mai kusurwa, ƙashi ya rufe shi ruf kamar hular kwano, ga ƙayoyi a gefe. Daga nan jikin yake tafiya yana tsukewa har wutsiya. Bayansa ja ne ko jaja-jaja, wani lokaci ya yi ruwan ƙasa, cikinsa kuwa fari. Amma adonsa yana ga fukafukan nan biyu da ke bayan kai. Idan ya buɗe su sai ka ga kamar mahuci, faffaɗa, bakinsu da shuɗi mai ɗaukar ido. Saboda waɗannan fukafukai ne Turkawa suke kiransa da sunan tsattsewa, kuma sunan nan na masana da muka ambata, farkonsa da Girkanci ma'anarsa kifin tsattsewa. Mutanen Italiya kuwa 'yar kazar teku suke ce masa.

To, ina zancen ƙafafu? Ka san fiffiken kifi tsinkaye ne da fata ta haɗe su, kamar yatsun agwagwa. Shi mai gurnani, tsinkaye uku na ƙasa a kowane fiffike sun rabu da fatar, sun yi kauri, sun tanƙware kamar yatsu. Uku dama, uku hagu, shida ke nan. Da su yake takawa a ƙasan teku, ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga jikinsa kamar ƙaguwa. Ba tafiya kaɗai yake yi da su ba. Yana cusa su cikin yashi yana lalube, in ya ji motsin jatan lande, ko ƙaramar ƙaguwa, ko tsutsa, ko ɗan kifin da ya binne kansa, sai ya tono shi ya haɗiye. Watau dai yadda makaho yake da sandarsa, haka wannan kifi yake da yatsunsa.

Kukan kuwa ba da maƙogwaro yake yin sa ba. A cikin cikin yawancin kifaye akwai wata farar jakar iska, wadda duk macen da ta taɓa gyaran kifi ta san ta. Amfaninta shi ne ta riƙe kifi kada ya nutse, kada kuma ya taso. A jikin jakar mai gurnani akwai tsoka mai ƙarfi, idan ya motsa ta da sauri sai jakar ta yi amo kamar fatar kalangu. Yakan yi wannan gurnani a cikin ruwa tsakaninsa da 'yan'uwansa, yakan kuma yi shi idan aka fito da shi cikin jirgi, shi ya sa masunta suka daɗe da saninsa. Wajen haihuwa kuwa, macen takan saki ƙwai barkatai cikin ruwa, su yi ta yawo da igiya har su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan sukan taso a ruwa marar zurfi kusa da gaɓa, har da bakin koguna inda suke shiga teku, sai sun yi ƙwari sa'an nan su gangara zurfi.

Yanzu sai mu koma ga tarihi, mu ga yadda ɗan Adam ya yi ya san duk wannan. Mutum na farko da muka sani ya rubuta labarin kukan kifi shi ne Aristotil, malamin nan na ƙasar Girka, wanda aka haifa shekara 384 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya zauna a tsibirin Lesbos yana duba abin da masunta suke kamowa, yana feɗewa, yana tambayarsu. A littafinsa na dabbobi ya bayyana cewa kifi ba shi da murya irin tamu, amma akwai waɗansu masu fitar da amo, ya kuma lissafa su. A cikinsu akwai wani daga dangin mai gurnani, wanda Girkawa suka sa wa sunan wani tsuntsunsu saboda kukansu ya yi kama.

Bayansa da wajen shekara 400 sai aka yi wani marubuci a Rum mai suna Filini, wanda ya mutu a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa. Shi kuma ya tara labarai da yawa, na gani da na ji. A cikinsu ya kawo labarin wani kifi mai suna fitila, wai da dare idan teku ta kwanta yakan taso ya zaro harshe mai haske kamar wuta. Wannan suna ya bi mai gurnani har yau, domin kalmar nan lucerna da Latinanci fitila take nufi. Alhali kuwa kifin ba ya haske ko kaɗan. Ka ga bambancin wanda ya je bakin ruwa ya duba da wanda aka ba labari.

A 1554 wani likita a garin Mompeliye na Faransa, mai suna Giyom Rondele, ya buga babban littafi na kifayen teku tare da zanensu, har da dangin mai gurnani. Sa'an nan a 1758 Karl Liniyas, mutumin Suwidin wanda ya tsara yadda ake raɗa wa kowace halitta suna biyu, ya shigar da shi cikin lissafinsa, ya bar masa sunan nan na fitila.

Duk da haka mutane suka ci gaba da ɗauka cewa ƙarƙashin teku shiru ne kamar maƙabarta. Yaƙin Duniya na Biyu, na 1939 zuwa 1945, shi ya tona asiri. Sojojin ruwan Amurka sun saka na'urorin saurare a cikin teku don su ji motsin jiragen abokan gaba masu tafiya ƙarƙashin ruwa. Sai suka riƙa jin ƙara iri-iri, da gurnani, da ƙwanƙwasa, har wani lokaci a ɗauka maƙiya ne suka iso. Ashe kifaye ne da jatan lande. Bayan yaƙi sai rundunar ta ɗauki nauyin binciken wata masaniya mai suna Mari Fish, kuma abin dariya, sunan nan nata da Turanci kifi yake nufi. Ta shafe shekaru tana ɗaukar kukan kifaye, a 1970 ita da abokin aikinta suka fitar da littafi mai bayanin amon kifaye fiye da iri ɗari.

Zancen ƙafafun kuwa sai a 2024 aka ƙara fahimtarsa. Masana daga jami'o'in Habad da Istanfod na Amurka sun yi bincike a kan wani ɗan'uwan mai gurnani da ke gaɓar ƙasarsu. Suka binne masa abinci a yashi, ya tono. Suka binne ruwan abincin kawai ba tsoka, nan ma ya tono. Da suka duba ƙafafun da madubin ƙara girma sai suka ga waɗansu 'yan ƙuraje irin na kan harshen mutum. Watau kifin da ƙafa yake ɗanɗana ƙasa. Sun kuma tarar da wani ɗan'uwan nasa wanda ba shi da ƙurajen, shi tafiya kawai yake yi, ba ya tono.

Ga mai sayar da banda, ga wani abu da zai so ya ji. Shekaru da yawa masuntan Ingila ba su ɗauki mai gurnani a bakin komai ba, saboda girman kai da yawan ƙaya. In ya faɗo cikin taru sai a watsar, ko a yanka shi a sa a tarkon ƙaguwa. Mutanen Marsai ta Faransa kuwa tun da can da shi suke yin shahararriyar miyar kifinsu. Daga shekarun 2000, da manyan kifayen da aka saba ci suka yi ƙaranci, sai masu dafa abinci a Ingila suka shiga yabonsa, kuɗinsa ya tashi. Abin da aka raina jiya shi ne ake nema yau. Sai dai irin tarun da ake kama shi da shi, wanda jirgi yake ja yana kankare ƙasan teku, yana lalata wurin da kifin yake kiwo.

To, mu dawo gida. Shin akwai irinsa a ruwayenmu? Shi kansa babu, domin ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri. Amma duk abubuwan mamakin nan nasa uku, kuka da tafiya da ɗanɗanon ƙasa, Allah ya raba su ga kifaye uku da kowane yaro a Maƙarfi da Ikara da Kudan ya sani. Ba danginsa ba ne na jini, zaman ƙasan ruwa ne ya sa halinsu ya zo ɗaya.

Na farko shi ne kurungu. Duk wanda ya taɓa cire kurungu daga koma ya ji yana ƙara, ƙiƙi-ƙiƙi. Shi ba da jakar iska yake wannan ba. Ƙayar nan mai kaifi da ke gefensa, wadda take soke hannun wanda bai iya kamu ba, ita yake gogawa a gurbinta, kamar yadda ake goga zarto. Waɗansu daga cikin dangin kurungu suna iyo a rigingine, ciki sama, kuma Misirawan zamanin Fir'auna sun zana su haka a bangon kaburburansu, shekaru dubbai da suka wuce.

Na biyu tarwaɗa. Gashin bakin nan nata guda takwas ba ado ba ne, da su take lalube da ɗanɗano a cikin laka da duhun dare, daidai da yadda mai gurnani yake yi da yatsunsa. A cikin kanta kuma akwai wani abu mai rassa kamar bishiya wanda take shaƙar iskar sarari da shi, shi ya sa take daɗewa a kwano ba ta mutu ba. Idan kududdufi ya fara ƙafewa, ko an yi ruwa da dare, takan fito ta kafa ƙayoyinta na gefe a ƙasa, tana murɗa jiki, ta ja ciki zuwa wani ruwan. Wani Bature mai suna Bacel ne ya shigar da ita littafin masana a 1822, daga wani kogi na Afirka ta Kudu. Yau ita ce kifin da aka fi kiwo a Nijeriya, kuma ƙasarmu tana sahun gaba a duniya wajen kiwonta.

Na uku, kuma mafi ban mamaki, ita ce gaiwa. Ita huhu gare ta sosai, har ma idan aka hana ta tasowa ta shaƙi iska sai ta mutu a cikin ruwa. Idan fadama ta bushe takan haƙa rami a laka, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har ya bushe ya zama kamar jaka, ta bar 'yar ƙofar numfashi. Haka za ta kwanta har damina, kuma an gwada an ga tana iya wuce shekara a haka. Hausawa sun ce gaiwa jikinta take ci, kuma bincike ya gaskata su, domin tsokar jikinta take narkarwa a hankali ta rayu. A 1839 masanin nan na Ingila Ricad Owen ya bayyana ta daga wadda aka kai masa daga Kogin Gambiya, aka yi ta gardama a Turai, kifi ce ko dangin kwaɗo. Har a cikin busasshen hoge aka riƙa kai ta can, a jiƙa, ta farka. A 2011 kuma masana a Jami'ar Shikago suka nuna cewa siraran fukafukan nan nata masu kama da igiya, da su take takawa a ƙasan ruwa. Ka ga ashe kifi mai tafiya yana nan a gindin rakenka.

Tarihi ya nuna irin taurin ran waɗannan kifaye. A farkon shekarun 1960 Tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 da na 1984 suka janye shi har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Kifaye da yawa masu son ruwa mai faɗi suka yi ƙaranci, amma tarwaɗa da gaiwa da bargi da karfasa suka riƙe, su ne suka cika kwalayen bandar da ake lodi daga Baga zuwa kasuwanninmu.

Sai dai abin da fari bai iya ba, hannun mutum yana neman ya iya. Ruwa ba ya tsami banza. Kifin da yake kiwo a laka, duk abin da ya kwanta a laka cikinsa yake shiga. A da masu su sukan daka magimfa su zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso. Daga baya waɗansu suka koma zuba Gammalin 20, maganin ƙwarin da aka kawo don gona. Shi ba ya zaɓe: babba da ƙarami, ƙwai da kwaɗi da tsutsar da kifi yake ci, duk yakan kashe, ya kuma daɗe a laka bai lalace ba, ya taru a kitsen kifi, daga nan ya wuce cikin wanda ya ci. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta haramta kamun kifi da guba ko nakiya ko lantarki. A 2009 kuma ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikin Gammalin a jerin waɗanda aka hana amfani da su a gona, ƙarƙashin yarjejeniyar Istokhom.

Kada kuma mai karatu ya ce ai ni ban taɓa zuba guba a rafi ba. Ƙasar Maƙarfi da Ikara da Kudan ƙasar fadama ce, ta rake da tumatir da albasa da barkono, kuma noman rani ba ya yiwuwa yanzu sai da feshi. Wanda ya gama feshi ya wanke injinsa a rafi, ko ya jefa kwalbar magani a kududdufi, shi ma ya zuba. Wanda ya nome gonarsa har bakin gaɓa bai bar ciyawa ba, ruwan farko zai kwashe ƙasar da takin da maganin ya cike gurbin da kifi yake fakewa da rani. Ruwan kuma ba a nan yake tsayawa ba. Waɗansu rafukanmu suna gangarawa Kogin Galma, su wuce ta Zariya su shiga Kogin Kaduna, daga nan sai Kwara, sai teku. Waɗansu kuwa suna nufar kogunan ƙasar Kano. Abin da ka zuba a ƙauyenku, wani ne zai sha a nasu.

Saboda haka ga shawara. Manomi ya ɗebi ruwa a bokiti ya wanke injin feshi nesa da rafi, ya binne kwalaben magani a tudu. Ya bar 'yan taku na ciyawa tsakanin kunyarsa ta ƙarshe da bakin ruwa. Masu su su daina tace ruwa da gidan sauro, domin yana kwashe 'ya'yan da za su zama kifin baɗi. A kuma ɗaga wa tarwaɗa ƙafa a farkon damina, lokacin da take hawowa cikin ciyawar da ruwa ya malale don ta saki ƙwai, gama uwa ɗaya da aka kama a lokacin dubban 'ya'ya ne aka kashe. Kakanninmu sun san wannan, shi ya sa suke da Sarkin Ruwa mai rufe gurbi ya hana su sai ranar da aka buɗe, kamar yadda ake yi wa Matan Fada a Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo sifarsa ta yanzu tun 1934. Kai kuma mai banda, kada ka yayyafa wa kayanka fiya-fiya don tsoron ƙwari. Ka sake shanya shi, ka sake yi masa hayaƙi, domin wanda zai saya ya kai gida ɗan'uwanka ne, 'ya'yansa ne za su sha romon.

Da fatan masu tambaya daga Maƙarfi da Ikara da Hunƙuyi sun gamsu. Sauran masu sauraro kuma a ci gaba da aiko da takardu, a rubuta tambaya ɗaya a kowace takarda, da rubutu mai kyau.